Masu tsima wa kaji abinci, don Allah ku gyara waɗannan

Wallahi na gaji da jin ƙorafi iri ɗaya a nan Gombe, kullum sai wani ya tare ni da "Malam ina jiƙa musu abinci amma ƙwai ya ragu". In ka tambayi me yake jiƙawa, dusa ce zalla.

Tsimi fa ba ya ƙara wa dusa abin da babu a cikinta. Aikinsa ya tausasa hatsin, ya yi tsami irin na kullun koko, hanjin kaza ya fi tsotsar amfaninsa, shi kenan. Furotin ɗin masara bai wuce kashi 8 zuwa 9 cikin ɗari ba, kaza mai ƙwai kuwa 16 zuwa 18 take nema, ga kalsiyam wajen kashi 4 don ɓawon ƙwai, to ina za ta samo a dusa? Dole a haɗa da tunkuza ko waken soya, shi ma sai an soya shi don ɗanyensa yana hana narkewar abinci. Garin ƙashi da firimis (haɗin bitamin da sinadaran ƙarin lafiya na kaji) ni ba na zuba su a bokitin tsimi, sai na tsame abincin ya tsane sannan in barbaɗa.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne fumfuna. Wani maƙwabcina ya samo masara mai araha, ta yi kore-kore tana warin rima, na ce masa kar ya yi, ya ce ai tsimi zai kashe komai. Haba! Gubar fumfuna hanta take ci, jiƙo ba ya cire ta, haka ya dinga kwasar mushe a kejinsa da safe yana cewa iska ce ta shigo. In ka je kasuwar Tudun Hatsi cusa hannu cikin buhu ka shinshina kafin ka biya. Kuma ruwa ya sha kan abincin da kamar yatsa biyu, ka juya safe da yamma, duk abincin da ya leƙo sama shi ke ruɓewa. Ƙamshin tsami da 'yan kumfa lafiya lau ne, amma in ka ji ɗoyi ko ka ga baƙi ko kore, zubar kawai, kar ka ce asara.

Masu cewa sai tsimi ya yi kwana 3 dole, wannan sai lokacin hunturu. A zafin Maris da Afirilu ni kwana 1 zuwa 2 nake tsamewa.

Awo a busasshe ake yinsa, giram 110 zuwa 120 kowace kaza mai ƙwai a rana, don ya kumbura ba yana nufin ya ƙaru ba. Bokitin roba ake amfani da shi, tsami yana cin ƙarfe. Ruwan famfo mai kulorin a bar shi ya kwana. Ka zuba iya wanda za su cinye cikin awa ɗaya, ka wanke mazubi kullum. Kuma rigakafin Lasota (na cutar Newcastle) da na cutar Gumboro yana nan daram, kar wani ya ce maka tsimi ya wadatar.