Yadda Ake Wasa Wuƙar Injin Yankan Ciyawa a Gida

Idan aka yanke ciyawa, bayan kwana biyu aka ga bakin ganyenta ya yi ruwan ƙasa kuma ya tsattsage, to wuƙar injin ta dakushe, tana fizgar ciyawa maimakon ta yanka ta, kuma ta waɗannan raunuka ne cuta ke samun hanyar shiga. Galibi ana wasa wuƙar bayan aikin awa 20 zuwa 25.

Kafin a taɓa komai, a zare wayar filogi, ko a cire batir idan injin na lantarki ne, domin juya wuƙar da hannu yana iya tayar da injin, kuma wannan ba wurin ganganci ba ne. A rage man da ke tanki, sannan a kishingiɗar da injin ta yadda kafireta da matatar iska za su kasance a sama, don kada baƙin mai ya gangara cikinsu. A sa safar hannu mai kauri, a tokare wuƙar da guntun katako, a yi alama a gefen da ke kallon ƙasa, sannan a kwance notin da sifana. Alamar tana da muhimmanci, domin wuƙar da aka mayar a kife ba za ta yi yanka ba.

Bayan an kankare busasshiyar ciyawa da tsatsa da burushin ƙarfe, a ɗaure wuƙar tamau a kan teburin aiki. A bi karkatar da bakinta ya zo da ita, wadda yawanci kusan digiri 30 ce, ana tura magagari gaba kawai, ana ɗaga shi a komowa. Ba a neman kaifin reza, domin bakin da ya yi siriri da yawa yakan lanƙwashe da zarar ya haɗu da tsakuwa. Mai amfani da injin gurza ƙarfe ya sa tabarau, ya riƙa dakatawa yana tsoma wuƙar a ruwa, saboda ƙarfen da ya yi shuɗi don zafi ya rasa ƙwarinsa.

Abin da aka fi sakaci da shi, wanda a ganina ya fi kaifin kansa muhimmanci, shi ne daidaita nauyi. A kafa ƙusa a bango, a rataye wuƙar ta ramin tsakiyarta a kwance. Idan gefe ɗaya ya rinjaya ƙasa, a ƙara goge shi kaɗan da magagari, a sake gwadawa har ta tsaya daidai. Wuƙar da nauyinta bai daidaita ba tana sa injin karkarwa, sannu a hankali ta lalata sandar da take juyawa a kai.

A mayar da ita bisa alamar, a ɗaure notin gwargwadon yadda littafin injin ya tanada. Wuƙar da ta tsage, ko ta lanƙwashe, ko gefenta ya cinye, kada a yi ƙoƙarin gyara ta, a saya sabuwa.