Yadda Ake Gano Dalilin Ƙarar Ƙas-Ƙas Idan Mota Ta Sha Kwana

A motocin da tayoyin gaba ke ja, irin su Corolla da Golf, wannan ƙara galibi daga kan shaft take fitowa, wato mahaɗin da ke juya taya ko da an karya sitiyari. Don tabbatarwa, a nemi fili, a murɗe sitiyari har ƙarshe, a zagaya a hankali zuwa hagu da dama, gaba da baya, a saurari gefen da ƙarar ta fi tsananta.

Daga nan a ɗaga motar da jak, a tokare ta da kyau, a duba robar da ta lulluɓe mahaɗin. Idan ta yage, za a ga baƙin giris ya fantsama a cikin rim, kuma ƙura da yashi sun riga sun shiga sun cinye ƙarfen. Matuƙar ƙarar ta fara, sabuwar roba da giris ba za su gyara shi ba. Canza kan shaft ɗin ya wajaba tun kafin ya tsinke a hanya.

Idan kuwa robar lafiya take, a girgiza tayar da hannu biyu. Motsi na iya nuna cewa mahaɗan ƙafa ko na sitiyari sun saki, sai makaniki ya canza su a daidaita tayoyin.