Yadda Za a Rubuta Matashin da Bai Gama Iya Tuƙa Ƙaramin Jirgi Ba

Marubucin da ya ɗora yaro ɗan shekara 16 a kujerar matuƙi, abin da zai fara yankewa shi ne inda yaron ya tsinci ɗan abin da ya sani. Wataƙila ya sha zama kusa da kawunsa wanda ya yi karatu a kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, ko kuma ya yi darasin awa uku kuɗi suka yanke masa. Wannan ne zai shata iyakar iliminsa, kuma kada a bari ya tsallake ta ko da labari ya matse.

Daga nan sai a zaɓi jirgi ɗaya a tsaya a kansa. Cessna 172, mai inji ɗaya da kujera huɗu, ya wadatar, domin da shi ake yawan koyar da ɗalibai. A bar sabon da yaron ya yi da mota ya yaudare shi: ya murɗa sitiyari a ƙasa jirgin ya ƙi juyawa, saboda da ƙafa ake karkata shi, ya laluba totur da ƙafa, alhali da hannu ake tura shi ciki.

Riƙe jirgi a sarari ba ya da wuya sosai, don haka kada a ɓata shafuka a kansa. Wurin sauka ne ya kamata alƙalami ya daɗe. Tsoro zai sa yaron ya ja sitiyari jikinsa, hancin jirgi ya ɗaga, gudu ya ragu, ƙararrawar gargaɗi ta fara kuka domin fukafukai sun kusa daina riƙe iska. Maganin kuwa shi ne ya tura sitiyarin gaba, wato ya nufi ƙasar da yake gudu. A ganina, a wannan daƙiƙa ce mai karatu zai san halinsa. Idan labarin ya faɗo lokacin hazo, wanda yakan haɗe sama da ƙasa, lamarin ya ƙara tsanani.

A ba shi rediyo. Ya iya tuna mitar gaggawa ta 121.5, ya ce "Mayday" sau uku, wato kiran neman agaji, amma idan mutumin hasumiyar filin jirgi ya tambaye shi inda yake, ya rasa amsa sai dai ya ce yana hango kogi da layin dogo. In zai sauka, ya sauka da kyar: tayoyi su daki ƙasa, jirgin ya yi tsalle sau biyu, ya tsaya a cikin ciyawa.