Gashin babban kare: kurakuran da ake yi a gida, da yadda ake kwance curin da ya danƙare

Ranar da na fara cusa yatsuna har fata a bayan kunnen karena Barde, wani curi na taɓo mai tauri kamar tsohuwar audugar katifa. Daga sama kuwa gashin sumul, duk baƙon da ya shigo sai ya yaba. Watanni ina shafa masa burushi, ashe sama-sama nake yi.

Barde irin karnukan nan ne da masu kiwo ke kira Kokeshiyan. Asalinsu tsaunukan Kokasus, wajen Jojiya da Armeniya da kudancin Rasha, inda suke gadin tumaki cikin dusar ƙanƙara, kuma namijin da ya gama girma yana haura kilo 50. Yanzu ga su a gidaje a Jos, Kaduna, Abuja har Kano, ana sayensu da tsada don gadi. Gashinsu hawa biyu ne. Na sama dogo ne mai kauri, shi ke tare ruwa da rana. Na ƙasa gajere ne mai laushi, kuma shi ne tushen rigimar: idan ya mutu ya tsinke ba ya faɗuwa ƙasa, sai ya maƙale a cikin na sama. Ƙurar hunturu ta shiga, ƙarangiya ta kama, danshin damina ya biyo baya, sai ya dunƙule ya manne da fata. Haka abin yake ga Jaman Shefad mai dogon gashi.

Kuskuren da na yi shi ne wanda aka fi yi, wato taje sama a bar ƙasa. Gyaransa irin tsifar kai ce, yadda mai kitso ke tsaga gashi layi-layi. Ka kwantar da karen a gefe guda, ka fara daga ƙasan cinya, ka ɗaga gashin sama da hannun hagu har ka ga fata, sannan ka janyo ɗan kaɗan da burushi mai siraran wayoyi. Ka gama wannan layin, ka hau na samansa. Alƙalin aikin shi ne matajin ƙarfe: idan ya shiga daga fata ya fita ba tare da ya cije ba, wurin ya taju. Idan ya cije, da sauran aiki, komai kyan da saman ya yi. Kuma curi yana da gidajensa, duk inda jiki ke gogar juna: bayan kunne, hammata, ƙarƙashin abin wuya, matsematsi, bayan cinya da gindin wutsiya. A mafi yawan gidaje abin wuya ba ya fita daga wuyan kare shekara da shekaru, ranar da aka kwance shi sai a tarar da zoben gashi a danƙare.

Kuskure na biyu, a ga kare ya cukurkuɗe a ce a yi masa wanka ya warware. Ruwa ƙara ɗaure curi yake yi. Duk wanda ya taɓa wanke rigar ulu ya cuɗa ta da ƙarfi ya san yadda take tsukewa, to haka gashin nan yake. Tsifa ce farko, wanka daga baya. Bayan wankan ma akwai wani ramin: saman gashin ya bushe cikin awa guda a ɗauka an gama, alhali na ƙasa yana jiƙe har washegari. Danshin nan da zafin jiki su ke haifar da jan gyambo mai ruwa da wari, wanda kan faɗaɗa cikin kwana ɗaya. Ka yi wankan da hantsi, ka ɗauraye kumfa sarai, ka matse ruwan da tawul ba tare da cuɗawa ba, ka sa shi gaban fanka kana tajewa har fatar ta bushe.

Sai maganar almakashi da reza, wadda ita ce ta fi ci mini rai, domin Barde yana ɗauke da tabonta. Curin bayan kunnen nan da na ambata, na ja shi sama na sa almakashi a gindinsa. Ko da na datsa sai ya yi wata ƙara ya fizge, jini ya biyo gashin wuyansa. Sai da likitan dabbobi ya yi masa ɗinki, ya kuma nuna mini abin da ban sani ba: curi idan ya tsuke yana janyo fata ta shige cikinsa kamar an tsunkule ta, ita kuwa fatar bayan kunne da ta hammata siririya ce ƙwarai. Abin da kake gani gindin gashi ne, fata ce a ciki. Wajen wata biyu Barde bai yarda na taɓa masa kai ba.

Yadda ake yi shi ne, ka barbaɗa ɗan garin sitaci a kan curin ka murza shi ya shiga, yana sa silin gashin ya yi santsi. Ka riƙe gindin curin tsakanin yatsu biyu, yadda duk jan da za ka yi a yatsunka zai tsaya, ba a fatarsa ba. Ka yayyage shi da hannu gida biyu, gida huɗu, sannan ka bi da bakin mataji daga can ƙarshen gashin kana gangarowa gindi a hankali. Ƙarangiya ma haka, da ɗai-ɗai ake zare ta. In dole sai an yanka, ka fara zura mataji tsakanin curin da fata ya zama katanga, ka tsaga curin a tsaye, bakin almakashin na kallon waje. Idan mataji ya ƙi shiga ƙarƙashi, ajiye almakashin. Wannan aikin injin aski ne, shi ma a riƙa taɓa bakinsa a bayan hannu, don yana yin zafi har ya ƙona fata.

Amma injin ma an mai da shi maganin komai. Da watan Maris ya kama, zafi ya tunkaro digiri 40, sai mai gida ya ga karensa na haki ya ce a kwashe gashin nan ƙwal ya sha iska. Tausayi ne, na sani, sai dai kare ba ta fata yake fitar da zafi ba kamar mu, ta haki ne, da ɗan gumin tafin ƙafa. Idan ka aske gashin sama ka buɗe wa rana da ƙuda fatar da ba ta saba da su ba. Sannan na ƙasa ya fi saurin tsirowa, sai ya fito a cunkushe, ya fi na da kama ƙarangiya, wani wurin ma ya daɗe bai tsiro ba. Abin da ke riƙe zafi shi ne mataccen gashin da ya toshe hanyar iska. Shi za ka kwashe da mataji mai dogayen haƙora, ka haɗa masa da inuwa da ruwan sha wadatacce. Wuri ɗaya ne aski ya zama dole: idan curin ya haɗe ya zama shimfiɗa guda kamar darduma a jikinsa. A nan tsifa azaba ce kawai, gara a aske a fara sabon lale, kuma zai fi kyau a yi shi gaban likita.

Ƙarƙashin irin wannan dardumar ne ake tarar da kaska jere a fata, da ƙuma, wani lokaci har gyambon da ƙuda ya yi wa ƙwai ya fara tsutsa. Daga nan sai wani kuskuren ya biyo: a ɗauko kananzir, ko baƙin mai, ko fiya-fiya a kwarara masa. Don Allah a daina. Guba ce, tana ratsa fata, shi kuma yana lasar jikinsa. Maganin kaska na karnuka yana nan a shagunan magungunan dabbobi, da ma'auninsa gwargwadon nauyin kare. Omo da sabulun wanki kuma suna kwashe maiƙon da ke sa gashi santsi, su bar shi a bushe yana kama juna, don haka a nemi sabulun da aka yi domin kare.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba. A gidajenmu da yawa kare na can bayan gida a ɗaure, mai gadi ya tura masa abinci daga nesa, babu hannun da ke sauka a jikinsa. Sai rana ɗaya a taru mutum uku a danne shi, a ce yau sai an gama. Kare mai kilo 50 da ake jan fatarsa zai yi cizo, kuma gobe ko matajin ya hango sai ya yi gurnani. Mai ƙyamar taɓa kare ya sa safar hannu da rigar aiki, amma lallai a samu mutum ɗaya da karen ya sani, ya zama shi ke wannan aikin. Minti 10 zuwa 15 sun isa a zama ɗaya, da yamma bayan ya zagaya ya gaji, da ɗan nama a aljihu, da takunkumi idan ba a gama yarda da juna ba. In kwikwiyo ne, tun yanzu ka saba masa da taɓa kunne, ƙafa da wutsiya.

Ni yanzu sau uku a mako nake zama da Barde, lokacin da yake zubar da gashi kuwa kullum. Yau gefen dama, gobe hagu, jibi wuya da wutsiya. A makon da zubar ta yi tsanani nakan cika leda babba da gashin ƙasa, kuma bayan kunnen nan mai tabo da yatsu kawai nake bi, sai na tabbata babu ƙulli sannan mataji ya shiga.