Yadda ake lissafa raguwar gas da bango ke fitarwa a kwaikwayon injin vakyum

Masu koyo sukan ɗauko lamba ɗaya daga tebur, su liƙa wa kowane bangon tankin vakyum, su kunna Molflow, manhajar da ke kwaikwayon tafiyar gas a cikin vakyum, sannan su yi mamakin yadda ma'aunin matsi ya ƙi yarda da su. Gas ɗin da bango ke amayarwa raguwa yake yi da tafiyar lokaci, kuma kowane abu da irin tafiyarsa.

Fara da raba kayan cikin tankin. Ƙarfe mara tsatsa da ba a gasa ba (wato ba a zafafa shi don korar ruwa ba) tururin ruwa yake fitarwa, kuma yana bin 1/t, inda t ke nufin lokaci. Ƙiyasin da ake aiki da shi a CERN, cibiyar binciken nukiliya ta Turai, shi ne kusan 3×10⁻⁹ mbar·l/s (ma'aunin yawan gas da ke fita a daƙiƙa) a kowane cm² bayan awa ɗaya, sai ka raba da yawan awannin da famfon zuƙe gas ya yi yana ja. Agogon yana farawa ne daga kunna famfo. Kada ka soma jadawalinka daga sifili, lissafin zai haukace. Soma daga awa ɗaya. Ka kuma sa nauyin ƙwayar gas 18, domin ruwa kake bi, ba naitirojin mai 28 ba.

Roba ce ke kayar da mutane. Zoben Viton, wato robar da ke toshe mahaɗai, da sauran kayan leda sun sha ruwa har cikin jikinsu, sai ya ratso a hankali kafin ya fito, shi ya sa da farko suke bin 1/√t. Bayan awa 100 ƙarfe ya ragu sau 100, roba kuwa sau 10 kacal. Zobe ɗan ƙarami da ka raina a awar farko, shi ne zai riƙe matsin bayan kwana biyu. Ni ba na yarda a haɗa su a lamba ɗaya, ko da wa ya ce.

To, ba sai ka kunna yanayin lokaci na manhajar, wanda ke bin canjin matsi da tafiyar lokaci, ba. Raba girman tanki da saurin famfo: lita 100 da famfo mai jan lita 100 a daƙiƙa ya ba ka daƙiƙa ɗaya, alhali bango awanni yake ɗauka kafin ya canza. Tunda a irin wannan ƙarancin matsi ƙwayoyin gas ba sa karo da juna, matsi yana bin yawan gas kai tsaye. Gudanar da lissafi tsayayye sau ɗaya don ƙarfe, sau ɗaya don roba, ninka kowanne da tasa ƙa'idar, ka tara a Excel. Ka huta da barin kwamfuta tana aiki dare guda.

Gwada da hannu: bango cm² 10,000 da famfon nan zai ba da 3×10⁻⁷ mbar a awa ɗaya, 3×10⁻⁸ a awa 10.

Idan an gasa tankin, ruwa ya tafi, haidirojin ne ya saura, kuma shi kusan tsaye yake, lamba ɗaya ta isa. Yanayin lokaci ka ajiye shi don buɗe bawul ko feshin gas na ɗan lokaci.