Masu tafiya Ingila a Satumba, ku kula da ciyawa

Tunda na zo hutu Sakkwato, da wuya La'asar ta wuce ba a yi mini sallama ba. Yaro ya samu gurbin karatu a Ingila, mahaifinsa ya turo shi neman shawara. Tambayarsu ba ta wuce rigar sanyi da naman halal. Wannan ku kwantar da hankalinku. Mutanenmu na Landan ba sa barin baƙo da yunwa, ranar da ka sauka wani zai kai ka shago, wani ya ba ka riga.

Za ku tarar da ƙasar a lokacin da ta fi kyau. Daga Satumba ganye ke soma juyawa zuwa ja da ruwan ɗorawa, kurege na ta binne abincin sanyi, tsattsewa na taruwa za su ƙetare Sahara su nufo Afirka. Ku shiga gandun shaƙatawa ku gani tun kafin Lahadin ƙarshe ta Oktoba, ranar da ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, Magariba ta soma riskar mutum yana aji.

Amma hannu a aljihu. Dokar 1981 ta kare tsuntsayen daji, agwagwar tafki ba ta yanka ba ce. Kamun kifi a tafki ko kogi sai da lasisi. Laimar kwaɗi kada ka taɓa, akwai mai kisa. A gandun Richmond Park na Landan, inda barewa kusan 600 ke yawo sake, mazansu na barbara daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma hukumar gandun ta ce a ba su tazarar mita 50. Duk shekara sai na ga namu ya matsa zai ɗauki hoto, kamar ragon gidansu ne. Haba ƙanena!

Abin da ya kwantar da ni kuwa bai kai ƙwayar gero ba. Kaska.

Satumbar farko da na yi can, na zauna cikin doguwar ciyawa, silifa a ƙafa, wando a naɗe. Bayan kwana uku na ga wani baƙin ɗigo a bayan gwiwata, na kankare shi da farce yadda muke yi wa dabbobi a gida. Mako biyu sai zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Na ce na cizon sauro ne, na shanye maganin da na zo da shi, jiki bai ji ba. Ashe cutar Laim ce, wadda kaskar can ke ɗauka. Alamarta wani zagayayyen tabo ne a wurin cizon. A jikin Bature ja yake fitowa, a fatarmu kuwa sai ya yi kamar wurin da aka buge, shi ya sa ban kula ba.

Lokacin ban yi rajista da likitan unguwa ba, wanda suke kira GP. Mai gidan da nake haya ya ƙi ba ni takardar zama, kullum gobe. Asibitin farko da na je, matar da ke kan tebur ta ce sai da shaidar adireshi, na juyo da zazzaɓina. Ban san cewa a Ingila rajistar kyauta ce ba, kuma ba sharaɗi ba ne ka nuna shaidar adireshi ko takardar izinin zama. Wani dattijo ɗan Yabo ne ya ga yadda nake ɗingishi a masallaci, ya ce, "Yaro, tashi mu tafi," ya tsaya a kaina har aka rubuta sunana. Mako uku na yi ina shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, gwiwar kuma ta daɗe ba ta sake ni ba. Har yau idan na tuna makonnin da na ɓata saboda takarda ɗaya, raina yana ɓaci.

Don haka makon farko ka yi rajista, tun kana da lafiya. In za ka shiga ciyawa, sa takalmi rufaffe, ka cusa ƙafar wando cikin safa. Da ka dawo duba bayan gwiwa, hamata da ƙugu. Kafin ka bar Sakkwato ka biya Tsohuwar Kasuwa ka sayi matsefata mai siririn baki. In ka ga kaska, kama ta dab da fata ka ja sama a hankali, ban da ashana, ban da kananzir, sannan ka rubuta kwanan watan don ka faɗa wa likita.