Yadda na bambance kububuwa da maciji mai cin ƙwai a tsohuwar kwalba

Macijin da ya daɗe cikin sifirit a gidan adana kayan tarihi launinsa kan koɗe, zanen bayansa ya dushe. Na wannan kwalbar an rubuta masa Echis carinatus, wato kububuwa, amma hankalina bai kwanta ba, domin Dasypeltis mai cin ƙwai yana kwaikwayonta ƙwarai, har ɓawon gefen jikinsa mai kaifi ne irin nata.

Sai na bar launi, na ɗauko gilashin ƙara girma na duba kansa. Kan kububuwa ƙananan ɓawo ne birjik, na mai cin ƙwai kuwa manyan faranti ne a jere. Wannan ƙanana gare shi. Na juya ƙarƙashin wutsiya: ɓawon wurin layi ɗaya ne irin na kububuwa, ba bibbiyu irin na mai cin ƙwai ba. Da na buɗe bakin a hankali, don tsohon nama saurin yagewa gare shi, sai ga dogayen haƙoran dafi a naɗe.

Kububuwa ce. Sunan ne ya tsufa, tun 1970 aka bai wa ta Afirka ta Yamma sunan ocellatus. Na ƙara sabuwar takardar suna a kwalbar, na bar tsohuwar a ciki saboda ita ke ɗauke da wurin kamu.